Kwalekwalen Yari

Yari ya ɗaure boris na huɗu, 'yar tayar ƙarfe, a ƙasan katakon, ya shafa shi da tafin hannu. Daga tsohon kwalekwalen mahaifinsa ya ɓamɓaro shi, wanda ya sha kamun kifi a gulbin Rima. Shi Yari bakanike ne a bakin kasuwar Goronyo, sai dai ciwon baya ya sa jan jiki ƙarƙashin mota ya zame masa azaba. Matarsa Safara'u ta riga ta yanke: in wannan dabarar shiga ƙarƙashin mota a kan katako ta ƙi, gareji ya rufe, ya koma tsaron shagon ƙanensa Mode. Ya amsa, amma ransa bai so ba.

A simintin ɗaki ya gwada. Ya kwanta, ya tura da dunduniya, sai ga shi ya sulale har bakin ƙofa. Ya lumshe ido. Har yanzu katakon da ɗan ƙarnin kifi. Ya ji kamar yana kwance cikin jirgi, babansa na tuƙi, gajimare na wucewa a hankali. Rabonsa da jin daɗi irin wannan ya manta.

Washegari Ɗahiru direba ya kawo motar albasa tana ɗigar mai. Yari ya kwanta cikin isa, ya tura. Ya shige zuwa ƙugu, boris suka nutse. Gwanin dabara ya manta garejinsa rairayi ne zalla! Gaba ta ƙi, baya ta ƙi, ciwon ma ya taso. Ƙwalla ta cika masa ido.

Ɗahiru na jawo shi ta ƙafa Safara'u ta iso da fura.

"Malam, mi ya hwaru?"

"Jirgi ya kahe. Ki hwaɗa ma Mode gobe ina zuwa shago."

Ta dubi sawun boris a rairayi, ta ajiye kwanon, ta juya ta tafi.

Bayan la'asar ta dawo, mai amalanke na biye da ita ɗauke da ƙyauren ƙarfe.

"A shimhiɗa wanga ƙarƙashin mota," in ji ta.

"Safara'u, ƙyauren ɗakinki na hwa!"

"Labule ya isa. Jiya na ga huskarka bisa katakon ga. Tun bara ban ga haƙoranka ba."

Yari ya kwanta, ya tura. Boris suka yi ƙara a kan ƙarfen, ya ɓace gaba ɗaya. Can daga ƙasa aka ji muryarsa, a sake, yana neman sifana.