Gilashin da Ya Rusuna wa Alhaji Zainudeen

Ayyub ya yi shekaru a jami'a a Kumasi yana nazarin yadda ruwa mai kauri ke sandarewa ya zama gilashi. Ya dawo Salaga da digiri biyu, ƙungiyar 'yan doya ta naɗa shi sakatare, fi sabilillahi. Mutanen gari suna kiransa Masta. Ba ya koyar da kowa komai, amma suna ya fi albashi sauƙin bayarwa.

Sai ga Alhaji Zainudeen na Bawku, babban mai sayen doyarsu, ya gina sakandare yana neman wanda zai shugabance ta. Ayyub yana son kujerar nan kamar ransa. Ƙungiya ta yanke shawarar kai wa Alhaji lambar yabo ta gilashi ranar buɗe makarantar, irin wadda ake gani a ofisoshin manya, kuma Ayyub ne zai miƙa ta gaban jama'a. A nan ya yi niyyar Alhaji ya san da shi.

Lambar ta taho daga Kumasi a bayan lori, tsakanin buhunan siminti. Ana gobe tafiya Ayyub ya buɗe kwalin, ya tarar katakon gindinta lafiya lau, sunan Alhaji a rubuce tsaf. Sauran kuwa tsakuwa.

Bai faɗa wa kowa ba. Ya ari tukunyar mahaifiyarsa, ya dafa sukari da ɗan ruwan lemun tsami har ya yi kauri, ya zuba a faranti mai sanyi. Ya san sirrin: idan narkakken abu ya huce da sauri, ƙwayoyinsa ba sa samun lokacin jeruwa sahu-sahu, sai su tsaya cak inda sanyi ya riske su, kamar 'yan kasuwa in an ce kowa ya tsaya a ɗauki hoto. Wannan shi ne gilashi, na yashi ne ko na sukari. Abin ya fito garau, har da ɗan launin zuma. Ayyub ya kafa shi a katakon, ya ji karon farko karatunsa ya yi wa wani amfani.

Aibin gilashin sukari biyu ne, danshi da zafi. Ruwa kaɗan in ya shige shi, zafin da yake buƙata ya yi laushi sai ya sauko ƙasa. Ga shi kuwa damina ce.

Da safe Baba Kassim, ciyaman ɗin ƙungiya, ya ce ba a kai wa mutum kaya babu albarka. Aka fito da lambar, dattawa suka zauna a jere, kowa ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya tofa, ya shafa da tafin hannu, ya miƙa wa na kusa.

"Baba," in ji Ayyub a hankali, "irin wannan gilashin ba ya son danshi."

"Danshi? Kai Masta, addu'ar tawa ce danshi?" Baba Kassim ya juya ga dattawa. "Kun ji boko ko? An tura yaro ya koyo gilashi, ya dawo yana tsoron yawun ubansa." Ya ƙara tofawa, wannan karon da niyya.

A motar zuwa Bawku, Baba ya ce lambar girma ba ta zama a baya da akuyar da za su kai gudummawa. Ya ɗora ta a gaba, kan murfin inji mai zafi.

A Yendi reshen ƙungiya na jiransu a tasha. Da suka ji Salaga ta tofa, suka ce ai su ma suna da baki. Dattawan Yendi sun fi yawa, kuma ba sa gaggawa. Wata Hajiya Lamisi ta fesa mata turare, ta goge da gefen mayafi, mayafin ya ɗan manne.

"Gilashin Kumasi ke nan, Hajiya," in ji Baba Kassim. "Akwai riƙon amana."

A Bawku an yi ruwa da hantsi, rana ta fito da fushi. Aka ajiye lambar a tebur gaban Alhaji, aka shiga jawabai. Ayyub bai ji ko ɗaya ba, ita yake kallo. Wajen jawabin wakilin iyaye, kanta ya fara karkata. Kafin a kira Salaga ta riga ta lanƙwasa daga tsakiya, sannu a hankali, kuma gefen Alhaji ta nufa.

Maroƙi ne ya fara gani. "Jama'a, ku duba! Na ga mutum ya rusuna wa Alhaji, na ga ɗan siyasa ya rusuna, yau ga gilashi!" Mata suka ɗau guɗa. Maroƙin ya cusa wa Ayyub makirfo a baki. "Ga mai digiri biyu a kan gilashi. Malam, faɗa musu da bakinka, gilashi yana haka?"

Ayyub ya dubi ajujuwan nan sababbi, da ofishin shugaban makaranta da ke ƙarshen baranda.

"A duk karatun da na yi," ya ce, "ban taɓa ganin gilashin taga ya yi haka ba."

Wurin ya kaure da shewa. Baba Kassim yana gaya wa na kusa da shi cewa tofin Salaga ne, na Yendi suna musu.

Alhaji Zainudeen ya karɓi lambar hannu biyu, aka yi hotuna, ya ajiye ta da ɗan ƙoƙari. Ya dubi yatsunsa, ya kai ɗaya bakinsa kamar mai gyara gashin baki. Sannan ya yafito Ayyub.

"Yaro," ya ce ƙasa-ƙasa, yana murmushi ga masu hoto, "tun ba a haife ka ba nake tsallako da sukari daga Togo. Wa ya sani?"

"Babu kowa, Alhaji."

"Kuma ka tsaya gaban mutane ka faɗi abin da ba ƙarya ba ne, ba gaskiya ba ne."

Ayyub ya sunkuyar da kai.

"Makarantar nan babu ɗakin gwaje-gwaje, masu duba makarantu kuma suna tafe wata mai zuwa. Shugaba irinka nake nema. Ka fara Litinin." Ya goge yatsunsa a hannun rigar Ayyub. "Ka ɗauke wannan kafin tururuwa su zo taya ni murna."