Ruwan Sadakar Mi Nyo

Ranar da Mi Nyo ta cika kwana bakwai da nutsewa a kogi, uwarta Daw Ngwe Sein ta dafa shinkafa da miyar kifi, ta gayyato 'yan zuhudu biyar su ci don ladan ya isa ga 'yar. Sun gama ci ke nan sai ga Ba Kaung a gindin matakalar gidan, mai kwalekwalen da ya yi lodin da ya wuce kima ranar kasuwa har ya kife da Mi Nyo a ciki. Ya tuɓe takalmi ya tsuguna, riƙe da nonon ayaba.

"Yaya, kin ga marar kunyar nan?" in ji Ma Thaung, ƙanwar uwar. "Ashe ayaba ce diyyar rai yanzu. Bari in ɗauko tsintsiya."

"Zauna," in ji Daw Ngwe Sein.

Aka ajiye wa uwar buta da ƙoƙo. Ita za ta riƙa ɗiga ruwa babban malamin 'yan zuhudun yana karatu, dangi na dafe da gwiwar hannunta, sannan ta raba ladan ga 'yarta da duk mai rai. Ta ɗaga butar, ta waiga gindin matakala, ruwan ya fantsama a tabarma. Ta ajiye, ta dubi malamin.

"Ranka ya daɗe, duk mai ran nan har da shi?"

"Har da shi," in ji tsohon. "Ba mai matsa miki. Sai dai ki sani, ruwan nan ba ya zuwa ko'ina. Abin da ke zuciyarki lokacin zubawa, shi ke zuwa."

Ta tuna 'yarta. Mi Nyo yarinya ce da ko faɗan zakaru ba ta iya kallo. Wannan wutar fushin za a aika mata?

"Ba Kaung, hauro."

Ya hauro da rarrafe, kansa a ƙasa.

"Kama gwiwar hannuna. Kama da kyau, kada ka saki wannan ma."

Ma Thaung ta ja tsaki, amma ta matso ta dafa kafaɗar yayarta.

Malamin ya soma karatu. Ruwa ya riƙa sauka ɗis, ɗis, har ƙoƙon ya cika. Daw Ngwe Sein ta ambaci 'yarta, ta ambaci duk mai rai. Saura sunan Ba Kaung. Ta faɗe shi da ƙarfi yadda har na tsakar gida suka ji.