Iri Talatin da Bakwai na Baba Tamba

Shafin Sharifa na intanet ba a wata ƙasa mai sanyi yake zaune ba. A unguwar Gesse ta Birnin Kebbi yake, a ɗakinta, cikin wata tsohuwar laftop mai fasasshen gilashi da ta ɗora a kan bulo biyu don iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Ita ce sabarta, wato na'urar da duk mai buɗe shafin, ko daga ina yake, sai ya zo wurinta ya karɓi rubutu da hoto. Batirin sola ɗaya ne a gidan. Shi ke riƙe da laftop ɗin, da rauta mai haɗa ta da intanet, da firjin da Gwaggo Nana Aisha ke sanyaya zoɓon sayarwa. Shekara uku ke nan ana rigima tsakanin firji da saba, kuma har yau babu wanda ya sauka.

Abin da ke shafin kuwa shinkafa ce. Mahaifinta, Baba Tamba, manomi ne a fadamar Argungu, kuma ya ajiye tsofaffin irin shinkafa talatin da bakwai a tukwane, irin da mutane suka watsar tun da na zamani ya shigo. Duk Asabar Sharifa takan hau mota ta je, ta zaunar da tsohon, ta ɗauki hoton tafin hannunsa da ƙwayoyi a ciki, ta rubuta abin da ya faɗa. Kowane iri da shafinsa. A ƙarƙashin kowane hoto kuma layi ɗaya ne: Hannun Malam Tamba ɗan Dikko, Argungu.

Kullum da safe, kafin ta tafi aiki, takan duba rajistar baƙi, inda sabar ke rubuta wanda ya shigo da abin da ya ɗauka. Baƙin ba su cika wuce arba'in ba. Ran wata Litinin ta ga dubu da ɗari biyu. Har ta ajiye kofin shayi ta fara murmushi, sai ta lura babu ko mutum ɗaya da ya buɗe rubutu. Hotuna kawai ake ja, kuma duk ta ƙofar wani shafi daban ake shigowa. Ta bi adireshin.

Shafi ne mai ƙyalli, wai shi Taskar Irin Kakanni. Ga rubutunta nan kalma da kalma. Ga hannun babanta, da tabon lauje a gindin babban yatsa. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe: Binciken Muhyiddeen Sirajo. A ƙarƙashin hoton kuwa, inda sunan Baba yake, an sa: Wani manomi a ƙauye.

Ta san Muhyiddeen sarai. Ajinsu ɗaya a makaranta, shi ne wanda ya yi mata dariya ranar da ta ce za ta ajiye shafi a ɗakinta. Abin haushin ma, mutumin nan ko wahalar kwafe hotunan bai yi ba. Adireshinsu kawai ya manna a shafinsa, ta yadda duk wanda ya buɗe nasa, laftop ɗinta ce za ta miƙa hoton. Da batirinta da datarta ake ciyar da baƙinsa, shi yana karɓar yabo. Wannan ai ya wuce sata, rainin wayo ne.

Ta kira shi. Ba ta yi faɗa ba, abu ɗaya ta roƙa.

"Ka bar rubutun idan kana so," in ji ta. "Sunan Baba kawai za ka mayar."

"Haba Injiniya," in ji Muhyiddeen, yana dariya. "Abin da aka sa a intanet ai na kowa ne. Ni na fito da shi duniya ta gani. Tsohon ma ya san mene ne intanet? Ki bar shi ya huta."

Ya kashe waya. Sharifa ta zauna tana kallon laftop, zuciyarta na tafasa. Layin umarni ɗaya za ta rubuta wa sabar ta rufe masa ƙofa, hotuna su ɓace daga shafinsa. Har ta fara bugawa, sai ta tsaya. In ta rufe, zai shigo nata ya kwafe su gaba ɗaya, shi ke nan ta rasa igiyar da ke wuyansa. Ta goge abin da ta rubuta. Ta bar ƙofar a buɗe, ta ci gaba da ciyar da baƙinsa har mako uku, kullum tana cije leɓe.

A mako na uku ya sa sanarwa da kansa. Masu binciken iri za su yi taro a Birnin Kebbi ranar Talata, kuma da ƙarfe sha ɗaya Muhyiddeen Sirajo zai nuna musu taskarsa a majigi, iri bayan iri. Har da hotonsa sanye da babbar riga, ya riƙe zangarniyar shinkafa kamar mai riƙe da fure.

Ranar Asabar ta nufi Argungu. Ta sami Baba Tamba a inuwar rumbu yana gyaran ƙotar fartanya. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta karanta masa abin da aka rubuta a ƙarƙashin hannunsa. Tsohon ya ajiye fartanyar.

"Wani manomi," in ji shi a hankali. "Wanga yaro ya taɓa zuwa gidan nan?"

"Bai taɓa ba, Baba."

"Shekarar da ruwa ya ci fadama, ubana Dikko a kai ya ɗauko tukwanen ga, ruwa har ƙirji. Mun kwana da yunwa, iri na ɗaki, bai bari anka dafa ko tafi ɗaya ba. Yau kuma ni ne wani manomi."

Sharifa ba ta taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba. Ta yi masa bayanin abin da take shiryawa: tunda daga wurinta hotunan ke fita, tana iya sa duk wanda ya zo ta ƙofar Muhyiddeen ya karɓi wani hoto daban. Ta riga ta haɗa ɗaya, fuskar Muhyiddeen da kalmar ɓarawo a goshi.

"A'a," in ji Baba. "Zagi iska na, gobe an manta. Nuna min sauran."

Ta riƙa wuce masa shafukan a waya, yana matso da ita kusa da ido. Da suka kai na sha ɗaya ya riƙe hannunta.

"Mi anka rubuta nan?"

"Jan iri."

"Wanga ba jan iri ba ne. Ɗan boto ne. Na gaban shi ne jan iri."

Gaban Sharifa ya faɗi. Ta buɗe nata shafin. Haka yake a can ma. Shekara biyu ke nan da ta musanya hotunan biyu, babu wanda ya lura, ita da take alfahari ba ta sakin kuskure. Muhyiddeen kuwa ya kwashe har da shi.

"Zan gyara yanzu," in ji ta.

"Kar ki taɓa. Ɗauko allo da alli."

Ya yi mata shifta, tana rubutawa. Da ta ji inda ya dosa ta ɗago kai.

"Baba, ai ni ma ka tona min asiri."

"Ke kinka yi kuskuren ko ni? Rubuta."

Ta rubuta. Tsohon ya shiga ɗaki ya sako hularsa ta Juma'a, ya zauna a gaban tukwanen, ya riƙe allon a ƙirji, ya ɗaure fuska. A ƙasan allon, ba tare da ta tambaye shi ba, ta ƙara lambar wayarsa, sannan ta ɗauki hoton.

Da ta koma Gesse ta yi shiri biyu. Ta saita sabar ta riƙa gaya wa kowace waya da kwamfuta kada ta ajiye kwafin hoto, ta dawo ta karɓi sabo duk lokacin da aka buɗe. Sannan ta rubuta layin musanyar ta ajiye shi a kashe. Ta so ƙwarai ta je zauren taron ta zauna a layin gaba ta ga fuskarsa. Har kayan da za ta sa ta goge.

Sai Talata ta waye da hadari. Tun asuba aka ɗauke wuta, rana kuma ta ƙi leƙowa, batiri yana kashi talatin da ɗaya. In sabar ta mutu, shafin Muhyiddeen zai nuna fararen akwatuna ne kawai, ya ce wa mutane matsalar sabis ce, a tausaya masa a ba shi wani lokaci. Sharifa ta mayar da kayan cikin akwati. Ta cire fanka, ta cire cajar waya, ta je ta tsaya a gaban firji.

"Kada ki soma," in ji Gwaggo Nana Aisha daga bakin murhu. "Zoɓona gora sittin ne a ciki."

"Gwaggo, awa biyu kawai."

"Kullum awa biyu. Wannan akwatin naki da ba ya ci ba ya sha ya fi ni daraja a gidan nan?"

Sharifa ta buɗe shafin Muhyiddeen ta miƙa mata waya. Gwaggo ta gane hannun yayanta tun kafin a gaya mata, saboda tabon. Ta sa aka karanta mata layin da ke ƙasa. Ta goge hannu a zani, ta sunkuya ta zare filogin firjin da kanta.

Ƙarfe tara da minti arba'in, rajista ta nuna wata sabuwar kwamfuta ta buɗe shafuka talatin da bakwai a jere, da sauri. Gwaji yake yi a zaure. Sharifa ta ba shi hotunansa lafiya lau, ɗaya bayan ɗaya, har tana ce wa laftop ɗin, "Ba shi, ba shi ya ƙoshi." Daga nan shiru. Batiri ya sauko ashirin da huɗu. Yayyafi ya fara. Ta ɗauki mafici tana yi wa laftop fifita, gumi na bin bayanta.

Sha ɗaya saura minti biyar ta kunna layin. Ta gwada ta ƙofarsa a wayarta. Ga Baba nan da hular Juma'a, ga allo:

Ni ne Tamba ɗan Dikko na Argungu. Hannuna ne, irina ne. Wannan yaro bai taɓa zuwa gidana ba. Na sha ɗaya da na sha biyu an musanya su: ɗiyata Sharifa ta yi kuskure, shi kuma ya sace har da kuskuren. Ku tambaye shi wanne ne jan iri.

Sha ɗaya ta yi. Da minti biyar. Da minti goma. Babu motsi, batiri sha tara. Taron Birnin Kebbi ai ba ya farawa a kan lokaci, ta sani, amma ba ta ɗauke ido daga rajistar ba. Sha ɗaya da minti ashirin da biyu layi ya faɗo a rajista: kwamfutar zaure, shafi na ɗaya.

Bayan daƙiƙa huɗu, shafi na biyu. Sai na uku. Sai ya koma na ɗaya. Sai na ɗaya kuma. Na ɗaya. Na ɗaya. Yana danna maɓallin sabuntawa ne, bawan Allah, yana fatan tsohon zai tashi daga bango. Sharifa ta ƙirga har sau sha bakwai, kowane ɗaya kuma laftop ɗinta ta miƙa masa Baba Tamba da ɗaurarriyar fuska. Ba ta ga zauren ba, ba ta ga guminsa ba, amma rajista ta nuna mata duk dannawar yatsansa, kuma wallahi ya ishe ta. Daɗi ya cika ta har ta ji kunyar kanta kaɗan, sannan kunyar ta wuce.

Gwaggo ta leƙo. "Ya ci?"

"Yana ci, Gwaggo."

Sai kwamfutar zauren ta yi tsalle zuwa shafi na sha ɗaya, ta tsaya. Wani ne ya ce a buɗe, tabbas, don Muhyiddeen ba zai kai kansa can ba. Minti ɗaya, biyu, uku, babu abin da ya motsa. Daga nan kwamfutar ba ta sake neman komai ba. A maimakonta wayoyi suka fara shigowa, goma, talatin, hamsin, kuma ta ƙofar Sharifa suke shigowa, suna buɗe na sha ɗaya da na sha biyu, inda kuskurenta ke zaune a fili kowa na gani. Ta bar shi yadda yake. Batiri ya kai tara.

Muhyiddeen ya kira sau shida. Ta bar wayar tana ruri a kan katifa. Kira na bakwai daga Argungu ne, ta ɗauka da sauri.

"Ke Sharifa, wa ya ba mutane lambata?"

"Ni ce, Baba. Ka yi haƙuri."

"Mutum huɗu sunka kira. Wata mata ta ce daga Zariya take, wai za su zo Alhamis su ga tukwane." Tana jin kukan kaji a bayansa. Da ya sake magana muryarsa ta sauka. "Kin san mi ta ce da na ɗauka? Ta ce, da Malam Tamba ɗan Dikko nake magana? Har da Dikko ta faɗa."

Inbata, na'urar da ke raba wutar batirin, ta fara ƙarar gargaɗi. Sharifa ta miƙa hannu ta kashe sabar da kanta kafin batirin ya mutu, ta mayar wa Gwaggo filoginta.

"Kina ji na?" in ji Baba. "Ki zo Laraba da abin hoton nan naki. A gyara na sha ɗayan kafin baƙi su iso."