Zafin Mombasa a Shagon Nyokabi

Da Nyokabi mai gyaran kwamfuta ta aro kurfotin mai gasa masara ta girke a bakin shagonta, Athumani mai ɗaukar bidiyon biki, wanda ya zo daga Mombasa, ya fara zargin hankalinta. Ga kwamfutarsa a buɗe kan tebur, ga motar Mombasa za ta tashi ƙarfe biyu. Dangin amarya sun ba shi zuwa Juma'a ya kai bidiyon biki, in ba haka ba ya manta da aiki a unguwarsu. Sau uku kwamfutar tana ɗaukewa yana tsakar haɗa shi.

"Masara za ki gasa mana, 'yar'uwa?" in ji Oduor, maƙwabcinta, shi ma mai gyara, wanda ya ƙara wa kwamfutar gudu a watan jiya. "Awa shida na gwada ta. Zafinta bai wuce digiri saba'in da takwas ba."

"A ina ka gwada?"

"Nan mana."

"Nan Nairobi, a Yuli, kana cikin rigar sanyi biyu! Shi kuwa ɗakinsa rufin kwano ne a Likoni, can cikin zafin Mombasa."

Ta yi ta fifita gawayi har ma'aunin zafi na bango ya nuna talatin da huɗu, sannan ta ɗora wa kwamfutar gwaji mai nauyi. Zafinta ya hau tamanin da biyar. Casa'in da tara. Minti goma sha ɗaya, allon ya yi baƙi.

"Haka take yi mini!" Athumani ya yi ihu, da murna kamar an ba shi kyauta.

Ta kankare tsohon man sanyaya ƙwaƙwalwar, ta shafa sabo, ta rage wutar da take sha, ta sassauta gudun kaɗan.

"Kin rage mata ƙarfi," in ji Oduor.

"Fariya na rage mata."

Gwaji na biyu sai ya ci awa guda, ga shi ɗaya da rabi ta yi.

"Motar da zan hau fa?" in ji Athumani.

"Ɗauki kwamfutarka ka tafi in kana so, Bwana Athumani. Ni dai ban ce ta warke ba."

Ya dube ta. Gumi na ɗiga daga haɓarta, idonta bai bar lambobin ba. Wallahi ta burge shi. Ya tuɓe rigar sanyinsa ya zauna, ya bari sai motar yamma.

Zafin ya kai tamanin da huɗu, ya tsaya nan har awar ta cika.

Athumani yana ɗaure kwalin kwamfutarsa ya jiyo Oduor a waje, murya ƙasa-ƙasa, yana tambayar mai masara: "Mama, gobe da safe kurfotin nan yana da aiki?"