Ingilishi a Zauren Suruki

Shekarar da aka sauke tutar Faransa, labari ya iso Gangara cewa kotun Maraɗi na neman magatakarda ɗan ƙasa, tunda Baturen da ke kan kujerar ya ɗaure kayansa. Kujerar guda ce, kuma sai an zauna jarrabawa. Ɗangana ya ƙwallafa rai a kanta. Shi kaɗai ya yi lakol, wato makarantar boko, a gidansu, an raba shi da shanun ubansa yana kuka, amma tun da ya gama bai wuce rubuta wa mutane saƙo a kasuwar Agiye ba. Faransanci kam yana shan sa kamar fura. Inda ta ɓaci shi ne an ce har da Ingilishi za a tambaya, saboda shari'ar shanu da ta fatake masu ƙetare iyaka kan zo da takardun Katsina.

Duk faɗin Gangara mutum ɗaya ya iya Ingilishi, kuma don a gwada haƙurin Ɗangana, mutumin nan surukinsa ne. Malam Magaji, uban matarsa Suwaiba, ya daɗe yana akawu a wani kamfanin gyaɗa a Katsina kafin ya dawo gida. Tun da aka ɗaura aure Ɗangana bai taɓa haɗa ido da shi ba. In ya hango shi a hanya sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, in da hali ma ya sake hanya. Suwaiba ce ta kai roƙon, ta dawo da amsa cewa ya riƙa zuwa bayan la'asar.

Irin wannan makaranta ban taɓa jin ta ba. Tsoho na zaune kan buzu ya ba ƙofa gefe, yana kallon bango. Ɗalibi na tsugune can bakin ƙofa, yana kallon tabarma. Tsohon ya rasa haƙoran gaba, ga shi yana magana ƙasa ƙasa don kawaici, kuma Ingilishi yare ne da in ba ka ga bakin mai yin sa ba rabi kake ji. Ɗangana kuwa gara ya kalli rana tsaka da ya kalli bakin surukinsa.

Sunayen kaya ba su ba shi wuya ba. Da aka shiga yadda Bature ke juya kalmar aiki, nan ido ya raina fata. Wata kalmar in abu ya wuce sai a liƙa mata wutsiya, wata kuma ta rikiɗe gaba ɗaya har uwarta ba ta gane ta. Akwai abin da ya wuce ya ƙare, akwai wanda ya wuce amma da sauran ɗuminsa, akwai wanda ya riga wani wucewa. Tsohon ya karanto su a jere, sannan ya ce wa bango, "An gane?"

"An gane, Baba," in ji Ɗangana, alhali kansa kamar an kaɗa nono a ciki.

To me zai ce? In ya ce bai gane ba, ya ce wa uban matarsa bai iya koyarwa ba ke nan. Sai ya haɗa jimla yadda Allah ya nufa ya faɗa wa tabarma. Tsohon ya yi gyaran murya, ya ce, "Madalla." Da jin haka Ɗangana sai ya ce a ransa ashe dai ya dace, ya riƙe jimlar gam.

A gida takaicin ke fita. Ya yi ta zagaya tsakar gida yana maimaita karatu yana tsaki, awaki na kallonsa. Ran nan ya yi wurgi da littafin har ya faɗa cikin turmi.

Suwaiba ta ciro ta kakkaɓe. Ta ce, "Malam, ko in hwaɗa ma Baba ya ɗan koma baya?"

"Ke, rufa mini asiri! In kin hwaɗa mishi ban gane ba, da wane ido zan koma zauren? Kada in ji, kada in gani."

Ta buɗe baki kamar da sauran magana, ta sake rufewa, ta koma kan dakanta.

Haka damina ta wuce, aka yanke gero. Ɗangana ya bar gonarsa a hannun ƙannensa, ya daina zuwa kasuwar Agiye, ya rame. Ranar tafiya ya hau motar gyaɗa zuwa Maraɗi, rabin gari na yi masa fatan alheri, wasu har sun fara kiran sa malamin kotu.

Faransanci ya tafi sumul. Da aka zo Ingilishi, mai jarrabawa ya ba shi labarin wata saniya da aka sace aka ƙetare da ita, ya ce ya mayar da baki. Ɗangana ya miƙe ya zubo jimlolinsa masu madalla ɗaya bayan ɗaya. Mutumin ya cire tabarau ya dube shi, ya ce a yadda ya faɗa ba a san ko an sace saniyar ba, ko ana cikin sacewa, ko sai gobe, kuma alƙali ba ya ɗaure mutum kan satar gobe. Wani saurayi daga Gidan Rumji aka ba kujerar.

Ya sauka a Gangara da rana tsaka, ya bi ta bayan gari don kada a tambaye shi. Yana shiga gida ya sauke fushinsa kan Suwaiba, tunda ita kaɗai ke akwai.

"Babu guda da ta yi daidai! Babu guda! To mi ya sa kullum shina ce mini madalla? Ko shi ma bai iya ba ne, aka bar ni ina wahala?"

Suwaiba ta ajiye ƙwaryar hannunta. Ranta ya ɓaci, kuma ba ta ɓoye ba.

"Kada ka taɓa mini uba. Ya iya sarai. Kullum in ka hito, sai ya shigo cikin gida ya riƙe kai, ya ce ma Inna yaron nan duk ya birkita su. Har tuwo ya sha bari sabili da kai."

"Ya sani? Ya sani ya ƙyale ni?"

"Na ce mishi, Baba, ka gyara mishi mana. Ya ce shi ba ya iya duban mijin ɗiyarshi ya ce ya yi kure, ba a yi mishi wannan tarbiyya ba. Na ce to ni bari in hwaɗa mishi. Ya ce in na kuskura bai yahe ba. Kai ka hana ni, shi ya hana ni. Ban da Baba da Inna, duk garin nan ni kaɗai na san ba ka iya ba, kuma da hannuna na dama maka furar tahiya."

Ɗangana ya nemi wanda zai zaga ya rasa. Ya zauna a kan turmi da hularsa a hannu, yana jin maƙwabta a waje suna tambayar ko malamin kotu ya dawo.