Kujerar Tsakiyar Falo

A falon Safiyo kujera ɗaya ce tak, kuma ba babu ce ta jawo haka ba. Mutumin ya yi aikin awon filaye har ya yi ritaya da rufin asirinsa. Abin da ya kori sauran kujerun shi ne lasifikansa guda biyu.

Ba irin na akwati ba ne da kowa ya sani. Waɗansu alluna ne dogaye da suka kusa kai tsayinsa, amma kaurinsu bai fi na tafin hannu ba. A cikinsu akwai wata leda siririya kamar ɓawon albasa, ita ke kaɗawa ta fitar da sauti gaba da baya. Shi ya sa ba a jingina su da bango, sai an jawo su tsakiyar ɗaki an ba su fili. Marigayiya matarsa ƙyamare take kiransu. Takan ce ita ba ta taɓa ganin ƙyauren da ba a shiga ko'ina ta cikinsa ba, amma shi ne maigida.

Maganar gaskiya, sautinsu ba a cewa komai. In ka zauna daidai wurin da ya kamata, sai ka rantse mawaƙiyar na tsaye gabanka, har jan numfashinta kana ji. To amma wurin nan bai fi faɗin kan mutum ɗaya ba. Ka ɗan karkata, ta gudu ta maƙale a allo ɗaya. Ka miƙe tsaye, muryar ta dushe. Safiyo kuwa da awo aka san shi. Ya ɗauko tef ya auna falon lungu-lungu, ya manna salatif a ƙasa inda ƙafafun allunan za su tsaya da inda kujerarsa za ta zauna. Doguwar kujerar gidan aka kai ta sito, wai tana shanye sauti.

A haka Auta ta tashi, 'yarsa ta ƙarshe, ita kaɗai ce kuma ta rage a kusa da shi. Tun tana ƙarama ta san dokokin falon: ba a gilmawa ta gaban alluna, ba a taɓa su, ba a magana sai faifai ya ƙare. Yanzu ta yi aure, tana da 'yar yarinya da Safiyo ke tsokana yana kira Amarya. Da can ranar hutu tare suke zuwa, har ranar da Amarya ta nufi allon da cokali a hannu tana dariya. Tsawar da ya daka mata, shi kansa sai da ya razana. Yarinyar ta yi kuka har da shiɗewa, Auta ta saɓa ta a kafaɗa ta fita da ita. Daga ranar ita kaɗai take zuwa, ta ajiye masa abinci a kicin, ta tambayi magungunansa a tsaye, ta tafi.

Abin yana cin Safiyo ƙwarai. Gidan ya yi masa girma, kuma yana ganin yadda zuwan Auta ke raguwa, yana tsoron ranar da zai yanke gaba ɗaya. Sai dai bai iya ba da haƙuri da baki ba. Abin da ya iya shi ne irin karramawar da masu wannan harka ke yi wa babban baƙo: a ba shi kujerar, maigida ya koma bayansa ya tsaya.

Wata ranar hutu da hantsi ya tare ta a bakin kicin, ya ce ta zo ta zauna. Ya gyara mata kai da yatsunsa, ya ce ta ɗan matso gaba, yauwa, nan. Ya sa faifan da mahaifiyarta ta fi so, ya koma bayanta ya harɗe hannuwa yana jiran ta yaba. Har waƙar ta ƙare Auta ba ta motsa ba.

Ya tambaye ta yadda ta ji. Ta ce da daɗi, amma ba haka ta san waƙar ba. Ita da Mama daga kicin suke jin ta, ta cikin bango, Mama na bi tana wanke-wanke.

"Baba," ta ce ba tare da ta juyo ba, "ka san ban taɓa ganin fuskarka kana jin waƙa ba? Ƙeyarka kawai na sani. Yau kuma ga ka kana kallon tawa."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ɗauki jakarta, ta tuna masa maganin rana, ta fita. Safiyo ya daɗe a tsaye riƙe da bayan kujerar.

Cikin makon ya je wajen mai shagon da ya sayar masa da allunan tun su biyun suna da baƙin gashi. Da ya ce zai rabu da su, mai shago bai yi mamaki ba. Ya ce ai kullum ana kawo masa irinsu. Wani ya ce ba su da nauyin ganga, kiɗa ba ya dukan ƙirji. Wani ya ce amfilifaya, na'urar ƙara sautin da ke iya jan su, tana zafi kamar dutsen guga. Wani matarsa ce ta ce ko su ko ita. Wani kuma ledar ce ta saki, ya rasa mai gyara. Ya dubi Safiyo yana dariya, ya ce to shi wanne ne nasa. Safiyo ya ce gangar ce. Mai shago ya san mutumin nan bai taɓa damuwa da ganga ba, amma ya ƙyale shi.

Aka kawo masa na akwati guda biyu, gajeru, masu raga a gaba da cokali ba zai yi wa komai ba. Aka tura su jikin bango. Ya sa aka fito da doguwar kujera daga sito, ya kakkaɓe ta da kansa, ya durƙusa ya ɓamɓare salatif ɗin ƙasa, aka bar tabonsa fari-fari a daɓe. Da ya kunna, sai ya ji kamar ya yi kuka. Mawaƙiyar da ta yi shekaru tana tsayawa gabansa ta koma cikin akwati. Amma ya zagaya falon, ya je bakin taga, ya leƙa kicin, ko'ina waƙar ɗaya ce. Bai gaya wa Auta ba, so yake ta gani da idonta. Har alewa ya saya ya ajiye, ko da za a zo da Amarya.

Ranar hutu ta zo ita kaɗai. Ta tsaya a bakin ƙofar falon da kwanon abinci, tana kallon filin da ya buɗe. Ta tambayi inda ƙyamaren Mama suke, ya ce sun tsufa. Ya zauna a doguwar kujerar, ya daddaɓa gefensa.

"Ina ne wurin?" ta tambaya.

"Ko'ina. Duk inda kika ga dama."

Ta zauna can ƙarshen kujerar, a bakin-baki, ta ɗora hannuwa a gwiwa, ta miƙe wuya tana fuskantar gaba. Ya sa faifan nan na mahaifiyarta. Shi bai ma ji waƙar ba, gefen fuskarta yake kallo yana jiran ta juyo, ko ta bi waƙar, ko ta ce wani abu, ko da ƙorafi ne. Ba ta juyo ba. Zaune take yadda ya koya mata tun tana rarrafe.

Ana tsakiyar waƙar Safiyo ya yi abin da bai taɓa yi ba a falon nan. Ya gyara murya, ya ce, "Auta, Amarya fa? Yaushe za ki kawo mini ita?"

Ta ɗaga yatsa ta ɗora a leɓe, idonta na kan bango, ta amsa ƙasa-ƙasa.

"Baba, bari ya ƙare."