Injin Dizal a Motar Bulo

Kawu kowa ke ce masa a layin makanikai, har da waɗanda suka girme shi, ko da yake waɗannan saura biyu, ɗayan ma ya daina fitowa. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane. Bayansa ya gaji, gwiwoyinsa sun gaji, idonsa na hagu kuma ya fara nuna masa noti ɗaya kamar biyu. Masu motoci ma sun gaji da jiransa, suka riƙa zamewa da ɗai-ɗai, kowa da gaisuwarsa mai daɗi in an haɗu a hanya.

Matarsa ce kawai ba ta zame ba, ita kuwa ba ta gajiya da magana ɗaya. Kullum da safe yana laluben takalminsa take farawa.

"Malam, ka rufe garejin nan. 'Ya'yanka sun ce za su riƙe gidan. Me kake nema kuma?"

"Aiki nake nema."

"Aikin ya daɗe da tafiya, kai kaɗai ne ba a gaya wa ba."

Ana cikin haka aka janyo masa wata tsohuwar a-kori-kura da igiya. Ta 'yar ƙanwarsa ce, wadda ake kira Mai Bulo saboda gidan buga bulon da ta gada wajen mahaifinta. Tare da gidan ta gaji motar, kuma motar ta girme ta da shekara shida. Injinta na fetur ya daɗe yana shan mai kamar an huda tankin, ran nan dai ya buga a tsakiyar titi, ya huta ya hutar. Duk makaniken da ta tambaya sai ya ce ta sayar wa masu auna ƙarfe. Ita kuwa akwai taurin kai, ta je ta sayo injin dizal na wata bas da ta yi hatsari, ta sa aka dire shi a ƙofar garejin Kawu.

"Kawu, sun ce ba zai zauna ba," in ji ta. "Na ce musu ai ba su san wan uwata ba."

Maganar nan ta shige shi fiye da yadda ya kamata. Da ya koma gida da yamma sai ya cika wa matarsa baki.

"In motar nan ta fita daga hannuna lafiya, kin daina zancen rufe gareji. In ta gagare ni, ni da kaina zan sa kwaɗo."

"Na ji," ta ce. "Ka kuma san ba ni da mantuwa."

Wanda bai taɓa cusa injin wata mota a cikin wata ba zai ɗauka ɗagawa ne da saukewa. Ina! Injin ya fi na da nauyi, ana sauke shi gaban motar ya durƙusa, sai da aka ƙara mata sifirin. Kujerun da tsohon injin ke zama a kai ba su dace ba, aka yanke, aka yi waldar wasu. Farantin ƙarfen da zai haɗa injin da giyabos sau uku Kawu yana yankawa yana hudawa, na farko da na biyu ramukan suka kauce da ɗan abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma ya isa ya ɓata aikin mako guda. Aka matsa da lagireto gaba, aka sauke tanki aka wanke, aka ja sabon bututun mai. Mijin Mai Bulo, wani da ake ce wa Dogo, shi ne direban motar, yakan zo ya kama masa jan sarƙa. Ƙarfi akwai, amma rabin hankalinsa yana cikin wayarsa.

Kawu yakan koma gida bayan la'asar ya zauna a bakin gado, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ya kasa tuna wanne yake shirin yi, cirewa ko sakawa. Matarsa ta ajiye masa ruwan zafi ta fita, zancen rufe gareji ma ta daina tayarwa. Wannan ya fi maganar damunsa.

A mako na bakwai ne dinamon da ke cajin batir ya tsaya masa a wuya. Wanda ya zo da injin dizal ɗin yana da wani ƙullutu a bayansa, baƙi ƙirin da dattin mai, da ƙananan bututu a jikinsa, kuma ƙullutun nan yana tokarar akwatin sitiyari. Kawu ya duba tsohon dinamon motar, lafiyarsa ƙalau, ga shi siriri, ga wayoyinsa sun riga sun san hanya. Mutum irin Kawu ba ya jefar da abin da ke aiki. Ya kwance mai ƙullutun, ya toshe bututun mansa da kusa, ya ɗaura tsohon, ya zauna daram. Ya ɗauki wanda ya cire ya kai wa maƙwabcinsa mai aikin wayar mota, wanda duk layin ke kira Rewaya.

Rewaya ya jujjuya shi a hannu. "Kawu, wannan abin na bayansa fa, na mene ne?"

"Kwalliyar masu ƙera inji ce. Kai dai ka ji da wayoyinka."

"Allah ya ba ka haƙuri," in ji Rewaya, ya tura shi ƙarƙashin benci da ƙafa.

Saura tiyo guda yana lilo, wanda ya fito daga wata baƙar tukunya da ke bayan fedar birki. Aikin tukunyar shi ne ta taimaki ƙafar direba, kuma da zuƙar iska take aiki. A motar fetur injin ne ke zuƙo mata ta wannan tiyon. Kawu ya cusa shi a maƙogwaron sabon injin ya ɗaure, kamar yadda ya yi wa motocin fetur sun fi dubu. Hannunsa ne ya yi, bai ko shawarci kansa ba.

Ranar da injin ya tashi, duk layin sai da ya sani. Ya yi tari, ya yi baƙin hayaƙi, sannan ya kama wata irin ƙara mai kauri da ta sa sifanonin da ke kan benci rawa. Masu faci da masu walda suka taru suna yi masa barka. Kawu ya zaga da ita cikin fili sau biyu. Birkin ya ɗan yi masa tauri, amma motar ba kaya, filin kuma shimfiɗe yake, ta tsaya. Ya ce a ransa sabbin takalman birki ne, za su saki.

Washegari ya kai ta gidan bulo. Aka loda mata bulo saba'in na wani mai gini a unguwar ƙasan gada. Dogo ne ya kamata ya ja, har ya miƙo hannu zai karɓi makulli, ya ce daga can zai biya makaranta ya ɗauko 'yarsu. Kawu ya maƙale makullin.

"Bari in yi lodin farko da kaina, in ji yadda take."

In za a faɗi gaskiya, ba don ya ji yadda take ba ne. So yake a gan shi a kan sitiyari da kaya cike, ya bi ta bakin layin makanikai, labari ya riga shi isa gida.

An kuwa gan shi. Ya danna ham sau biyu, ya ɗaga hannu, ransa fari tas. Motar tana ja kamar ba ta san an ɗora mata komai ba. Daga nan hanya ta karya ta gangara zuwa gada, a ƙasan gangaren kuma akwai mararraba inda mutane ke tsallakawa kasuwa. Ya taɓa birki. Fedar ta tsaya ƙiƙam, kamar ya taka dutse. Ya ƙara takawa, motar ta ɗan yi kamar ta ji, ta ci gaba da tafiyarta, bulo saba'in suna tura ta daga baya.

Ya riƙe sitiyari ya miƙe tsaye a kan fedar da duk abin da ya rage masa na ƙarfi, gwiwarsa tana ƙara. Ya taka kuloci, ya watsa mata giya ta biyu, giyabos ya yi kuka, injin ya yi kururuwa. Ya fizgo birkin hannu. Tana raguwa, amma ba raguwar da za ta kai ba. Yana hango wata mata da kwando a ka tana tsallakawa a nitse, tana gyara mayafi. A hannun dama akwai tarin yashi a gaban wani kango, ya karya sitiyari ya cusa hancin motar a ciki. Ta dunguri yashin ta tsaya, injin ya mutu, bulo uku suka zamo suka fashe a ƙasa.

Ba wanda ya gane abin da ya faru. Matar ta wuce abinta. Wani lebura ya leƙo daga kangon ya ce, "Baba, ba nan aka ce a kawo bulo ba fa."

"Na sani," in ji Kawu.

Ya daɗe a zaune kafin ya sauka. Ya ta da injin, ya buɗe bonet, ya zare tiyon daga tukunyar birki ya ɗora babban yatsansa a bakin. Babu zuƙa, ko ta sauro. A nan abin ya faɗo masa gaba ɗaya. Injin dizal ba ya zuƙa irin ta na fetur, shi ya sa ake yi masa ɗan famfo na musamman don birki, kuma famfon nan shi ne ƙullutun da ke kwance ƙarƙashin bencin Rewaya. Da rashin sani ne da da sauƙi. Ya sani sarai. Ya koya wa mutane wannan da bakinsa, shekaru da suka wuce, har yana yi musu faɗa. Abin ya fita daga kansa ne bai yi sallama ba, kuma wata biyu bai ji wurin ya zama fanko ba. Wannan ne ya tsorata shi fiye da gangaren.

Ya roƙi leburorin suka sauke bulon a nan, ya lallaɓa da giya ta ɗaya ta hanyar bayan kasuwa har gareji.

"Ba ni dinamon nan," ya ce wa Rewaya.

"Mai kwalliyar?" Rewaya ya fara dariya, sai ya dubi fuskar Kawu, dariyar ta koma. Ya durƙusa ya jawo shi, ya goge shi da tsumma, ya biyo shi da kayan aikinsa ba tare da an ce ya zo ba.

Kwana biyu suka yi. Aka sake wa dinamon mazauni can sama inda ba zai taɓa sitiyari ba, aka mai da bututun mai, aka haɗa tiyon inda ya dace. Kawu ya loda mata tsofaffin ƙarafa ya koma gangaren nan sau huɗu. Da yatsan ƙafa ma tsayawa take.

Ya gaya wa Mai Bulo cewa ɗan gyara ne ya taso, ita kuma ba ta tambaya ba. Rewaya ba mai surutu ba ne. Da Kawu ya so, maganar ta mutu a nan, ya ci gardamarsa da matarsa, ya ci gaba da buɗe garejinsa.

Ranar da ya mai da motar, Mai Bulo ta fito da murna, tana zagaya ta tana shafa ƙofa. Dogo ya ɗaga 'yarsu da kayan makarantarta ya zaunar da ita a gaba.

"Kawu, albishirinka," in ji Mai Bulo. "Mai gidan katako ya ga motar nan. Yana da irinta guda biyu, ya ce gobe zai kawo maka ta farko."

Shekara uku ke nan yana jiran wani ya faɗa masa irin wannan magana. Ya tsaya da makulli a hannu, ya ji gajiyar da ke jikinsa ta sauko masa har tafin ƙafa.

"Ki ce masa kada ya kawo."

"Kamar yaya?"

Ya gaya mata komai, da ƙullutun, da tiyon, da matar mai kwando, da makullin da Dogo ya miƙo hannu zai karɓa. Bai rage ba, bai ƙara ba. Dogo ya sa wayarsa a aljihu.

Mai Bulo ta ce a hankali, "To amma ai ka gyara, Kawu. Kuskure ne, kowa yana yi."

"Na gyara wanda na tuna, ɗiyata. Wanda ban tuna ba fa? Noti nawa na ɗaure a motar nan?"

Ya juya wajen Dogo ya miƙa masa makullin.

"Ka san babban garejin nan na bakin shataletale? Kai ta can yanzu, ba kaya, a hankali. Su bi ta daga gaba har baya, kowane noti, kowane bututu."

"Kawu, mutanen da kake cewa ba su san komai ba sai na'ura?"

"Su. Ka ce musu wani tsoho ne ya yi aikin, kada su ji kunyarsa."

Ya zagaya ɗaya ƙofar ya buɗe. Yarinyar ta ɓata fuska, ta ce ita a motar kakanta za ta tafi. Ya sa hannu biyu ya sauko da ita, bayansa yana amsawa, ya riƙe hannunta gam har motar ta fita daga ƙofar gidan.